Shekarar da Audu Ya Sayar da Jakunansa

Shekarar da soja suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, karo na farko bayan yaƙin basasa, ita ce shekarar da na fara jin ana cewa za a mai da ƙauye birni. A rediyo na ji, a shagon wani tela da ke bakin layinmu a Koki. Mai magana ya ce duk abin da ɗan birni yake mora sai ɗan ƙauye ya mora: wuta, ruwan famfo, hanya, asibiti. Tela ya ɗage ƙafa daga kan keke ya ce, "To mu da muke cikin birnin, yaushe namu famfon zai kawo?" Aka yi dariya aka watse. Ban ɗauka maganar za ta zo har cikin tukunyar gidana ba.

Daminar bana ce ta tuno mini da ita. Ruwa ya sauka da wuri, mutane suka yi shuka, sai ya ɗauke. Kullum bayan la'asar nakan zauna a zaure ina duban gabas, sama fari fat, iska mai zafi tana shigowa kamar daga bakin murhu. Na taɓa zama a ƙarƙashin irin wannan sama, da azumi a bakina da fartanya a hannuna.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, mutuniyar Kanyar Turmi ce. Ta Ƙofar Ruwa ake fita, idan mutum ya bar birni bayan asuba yakan isa da hantsi. A wancan lokaci ba gari ba ne a dunƙule. Kowane gida yana tsakiyar gonarsa, da kukarsa ko ɗorawarsa, da rijiyarsa, sai ka ɗaga murya kafin maƙwabci ya ji ka. Gonar kakanmu ba a raba ta ba. Tana hannun Audu, ɗan kawuna, taubashina, wanda ya girme ni da kaɗan. Shi yake nomawa, ni kuma ina birni ina koyar da karatu ina kwafar littattafai da hannu ina kaiwa kasuwar Kurmi. Da kaka yakan kawo mana rabon mahaifiyata a dammuna, mu jera a ɗan rumbun da ke bayan ɗaki, shi muke ci har wata kakar.

Abin da yake riƙe da gonar nan kuwa daga gidana yake fita, da sauran gidaje irin nawa. Yaran yanzu ba su san wannan ba. Matata Binta ba ta zubar da toka. Tokar murhu, kashin awaki, sharar tsakar gida, ƙaiƙayi, duk a kusurwa ɗaya take tarawa a bayan gida, su shekara suna ruɓewa har su yi baƙi su yi laushi. Da rani ya kama sai Audu ya fara zirga-zirga da jakunansa biyu. Ya shigo da itace, ya koma da taki a mangala. Haka duk mutanen karkarar Kano suke yi. Da sassafe idan ka tsaya a Ƙofar Ruwa jakuna za ka gani a jere suna shiga da itace, da azahar suna fita da taki. Ƙasar tasu yashi ce, an noma ta tun kaka da kakanni ba hutu, ba ta ba da komai sai an ciyar da ita.

Idan ya iso yakan tsaya a ƙofar zaure ya ce, "Ina malamin da ba ya iya ɗaga buhu? A fito a gaida masu ciyar da gari."

In ce, "Baƙauye, ka ɗaure jakin nesa, ya fi ka ladabi amma ya fi ka wari."

Binta kuwa har ta haihu ta yaye bai daina kiranta Amarya ba. Yakan damƙi takin ya murza a hannu ya shaƙa ya ce, "Amarya, bana kin yi rowar toka. Ko tuwon ne ba kya yi wa mijinki?" Ita kuma ta ce, "Baban Talatu, wanda ya zo kwasar shara ai ba ya tsadar baki." Sai ta miƙo masa fura a ƙwarya, ya zauna a dakali ya shanye tas.

Maganar rediyo ta daɗe tana yawo a iska. Sai da mulkin ya kusa cika wa'adinsa, ana shirin sake zaɓe, sannan ta sauka a Kanyar Turmi. Bayan an gama girbi sai ga masu awo da sanduna, sai ga katafila ta yanko hanya daga babban titi ta share wani fili a kan tudu, ta tumɓuke duk bishiyar da ke wurin. Aka kakkafa turakun wuta a jere, aka ɗora tankin ruwa a kan ƙarafa, aka kafa allo mai rubutun boko. Ni karatuna na ajami ne, wani ne ya karanta mini, ya ce an rubuta sabon gari.

Ranar da aka tara mutane ina can, na je gaisuwar mutuwa. Wani jami'i mai fara'a ya yi bayani a gaban dagaci. Ban ga alamar mugunta a tare da shi ba, kuma har yau ina jin ya yarda da abin da yake faɗa. Ya ce ba zai yiwu a bi kowane gida cikin gona da waya da bututu ba, sai mutane su taso su haɗu a wuri ɗaya, layi-layi, kamar unguwannin birni. Kowa za a ba shi fegi kyauta. Wani tsoho ya tambaya ko za a ja wuta a ɗakin jinka. Jami'i ya ce ciyawa da wuta ba sa zama tare, wanda ya rufa kwano shi za a fara ja wa.

Audu ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, idan muka yi rani muna gini, wa zai kai taki gona?"

Jami'i ya yi murmushi ya ce, "Malam, zamanin bin juji ya wuce. Takin zamani yana nan tafe kafin ruwa. Abin da jakinka zai yi rani yana ɗauka, buhu ɗaya ya fi shi."

A hanyar komawa gida Audu ya ce, "Ka ga Talatu da ƙannenta? Ba na so su tashi kamar ni. Kai kana da fitila a layinku, ka manta yadda duhu yake."

Na ce, "Fitilar layinmu ta fi kwana a mace."

Ya ce, "Ko a mace take, taku ce."

Kwano ba ya sayuwa da baki. Abin da mutumin karkara yake da shi wanda zai zama kuɗi da sauri shi ne jaki da hatsi. Kafin sanyi ya wuce Audu ya kai jakunan kasuwa, ya buɗe rumbu ya sayar da fiye da yadda ya kamata. Ba shi kaɗai ba. A wannan rani jaki ya yi arha har ana yi wa masu saye dariya. Ya ce mini ranar da ya dawo daga kasuwar da akumari a kafaɗa, matarsa Tabawa ta karɓa ta rataye a bango.

Ranin duka a gini ya tafi. Gayya ake yi, yau a gidan wane gobe a gidan wane. Nakan je ranar Alhamis da Juma'a da ba karatu. Maza suna kwaɓa ƙasa da ƙafa suna murza tubali, mata suna ɗauko ruwa a tulu daga tsofaffin rijiyoyi, don famfon bai fara ba tukuna. Ana kiɗa, ana tsokana, ana dafa dambu a manyan tukwane. Ba zan ɓoye ba, ranin ya yi daɗi. Da aka buga kwanon Audu ya tsaya nesa ya riƙe ƙugu yana kallo, rana tana haska shi har ido ba ya iya tsayawa a kai. Ya ce, "Malam na birni, yanzu da me ka fi ni?"

Gonaki kuwa suna can a kwance fari sol. A da, idan bazara ta yi, sai ka ga tarin taki baƙi-baƙi a jere cikin kowace gona. A shekarar nan ban ga ko ɗaya ba.

A gidana jujin ya yi tudu har ya kai rabin katanga. Binta ta ce, "Malam, abin nan fa ya fara damun maƙwabta." Na tsaya a Ƙofar Ruwa ina neman mai jaki da zan ba kyauta, 'yan kaɗan da suka rage kowa yana da gidajen da yake kwasa. Ruwan farko da aka yi mai ƙarfi ya kwashe rabinsa, ya bi kwata da shi ya nufi rafin Jakara. Binta tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki tana kallon tokar da ta shekara tana tarawa tana wucewa.

Da wannan ruwan aka yi shuka. Ta fito, ta yi ganye biyu uku, sai sama ta bushe. Takin zamani ya zo a makare, kuma abin da ya zo bai kai ko kusa ba, a kwano aka rarraba wa magidanta. Ba wanda ya gaya musu ba a zuba shi a busasshiyar ƙasa. Waɗanda suka yi sauri suka zuba a gindin shuka, cikin 'yan kwanaki ta ƙone kamar an bi ta da wuta. Audu yana cikinsu. Ya sake shuka da ɗan irin da ya rage bayan wani yayyafi, rana ta dafa shi a cikin rami.

Ana cikin haka aka ga watan azumi.

Wata rana da azahar, zafi ya kai inda ko ƙadangare ba ya motsi, na ji sallama a zaure a hankali. Ban gane muryar ba, don ban taɓa jin Audu ya yi sallama ba tsokana ba. A ƙafa ya zo, leɓɓansa sun tsage, ƙafafunsa sun yi fari har gwiwa. Muka gaisa. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce, "Iri ya ƙare mini. Idan ruwa ya dawo ban da abin sawa a ƙasa. A kasuwa abin da ake sayarwa ban san asalinsa ba, kuma ban da abin saye."

Na san abin da yake nufi. A rumbuna saura dami ɗaya na geron bara, geron gonar, shi Binta take tsakura tana mana kunun buɗa baki, shi muke fatan ya ja mu zuwa sabon gero. Na shiga ciki na same ta tana tankaɗe. Tana goyon ƙaramar 'yarmu a lokacin. Na gaya mata.

Ta ajiye rariya ta ce, "In ka ba shi, me za mu sha gobe?"

Na ce, "Ban sani ba."

"In ba ka ba shi ba fa?"

"Gonar za ta kwana ba shuka, mu ma baɗi ba mu da komai."

Ta tashi da kanta ta jawo damin, ta zare zangarniya 'yan kaɗan ta ajiye don yarinya, ta ɗaure sauran. Ita ta kai masa har bakin zaure. Ta ce, "Baban Talatu, ga shi. Allah ya sa albarka."

Bai kira ta Amarya ba. Ya ɗora hannu a kan damin ya ce, "Aro ne. Wallahi daga cikin gonar nan zan mayar muku da shi, dami a ɗaure."

Na ce, "Bar rantsuwa, ai gonarmu ce duka."

Ya ce, "Na riga na yi."

Na sallami ɗalibaina na bi shi, don hannu ɗaya ba zai sake shuke gonar da sauri ba idan ruwa ya zo. A sabon garin na ga abin da ban gani ba lokacin gayya. Tudu ne ba inuwa ko ta tafin hannu. Ɗakin kwano da rana ba ya shiguwa, sai mu rakuɓe a gindin katanga muna bin inuwa tana guje mana. Turakun wuta suna tsaye ba waya, mata suna ɗaure awaki a jikinsu. An kunna injin ruwa sau ɗaya ranar da manya suka zo, famfo ya zubo aka yi guɗa, daga nan aka ce ana jiran mai. Tabawa da Talatu sai su ɗauki tulu su koma tsohon gida cikin gona, inda rijiya take, su dawo a galabaice. An tashi daga bakin ruwa an koma bakin famfo.

Aka fita roƙon ruwa, maza da mata da yara, da tsofaffin tufafi, liman yana kuka cikin addu'a. Allah ya ji tausayinmu, bayan 'yan kwanaki hadari ya haɗo daga gabas, aka kwana ana ruwa. A ƙarƙashin kwano ƙarar ruwan ba ta bari ka ji maganar na kusa da kai, amma ba wanda ya damu. Da gari ya waye ƙanshin ƙasa ya cika ko'ina. Audu yana gaba da sungumi yana sara, ni da Tabawa muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ba ma magana, don yawu ya ƙafe. Idan rana ta take sai in ji harshena ya zama kamar guntun fata a bakina, idona yana ganin baƙi-baƙi. Da la'asar mu sake fita. Da magariba ruwan rijiya da kunun tsamiya tsararo wanda kana iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa, sai kwaɗon tafasa ba ƙuli.

Geron ya fito. Muka yi noman fari cikin goman ƙarshe na azumi. Amma tun daga nan manomi ya san abin da yake gani. Ganyen rawaya ne, kara siriri kamar tsinken tsintsiya. Wuri ɗaya ne kawai a duk gonar ya yi kore shar, wato kufan tsohon gida, inda aka shekara da shekaru ana zubar da toka ana ɗaure jakuna. Audu yakan tsaya a wurin ya daɗe. Wata rana ya ce, "Ka ga inda jakina yake kwana."

A birni Binta tana nata. Da na dawo sallah na tarar ta sayar da awaki saura ɗaya. Garin rogo, wanda a da muke cewa abincin baƙi ne, ya zama shi ne safe shi ne dare, a jiƙa da ruwa a barbaɗa gishiri. Dusar da ake ba dabba ita ake tankaɗewa a yi tuwo da ita. Nononta ya ragu, yarinya tana kuka ba ƙarfi. Littattafan da na kwafa suna jibge, wanda bai ci ba ba ya sayen littafi. Ba ta taɓa ce mini ga abin da damin nan ya jawo ba. Sau ɗaya dai na ji ta tana cewa maƙwabciya, "Namu geron yana gona, sai kaka."

Cikin damina aka yi zaɓe. Motoci masu lasifika suka bi sabuwar hanya suka shiga Kanyar Turmi, aka ce waya tana kan hanya, mai yana kan hanya. Aka jefa ƙuri'a. Gero yana fitar da kai, yana buƙatar ruwa biyu ko uku ya cika ido, sai sama ta sake yin fari. Wannan karon ba ta dawo ba. Muka yi ta duban gabas har ido ya gaji. Hadari ya taso da yamma ya yi baƙi, iska ta zo ta watsa shi, a kwana da zufa. Da aka shiga girbi, ka kama zangarniya ka murza, sai ƙaiƙayi ya bi iska. Abin da Audu ya tara daga kufan gida bai kai su ƙarshen sanyi ba.

Shi ya aiko a kira ni, bai zo ba. Na same shi zaune a ƙofar ɗakinsa na kwano. Ya ce wani ɗan kasuwa mai sayen hatsi ya yarda ya karɓi gonar jingina ya ba shi abin da za su ci. Ya ce, "Rabon Gwaggo yana ciki. Ba zan yi ba sai ka yarda."

Na dubi Talatu da ƙannenta, wuyansu ya yi tsawo. Na ce, "Na yarda. In Allah ya kawo damina mai kyau ka fanshe."

Ya ce, "Da me zan noma ta, a hannun wani?"

Aka yi jinginar a gaban shaidu.

Cikin sanyin shekarar muka wayi gari rediyo yana kiɗan soja. Ba a daɗe ba ɗan kwangila ya zo da mota ya kwance injin ruwa ya tafi da shi, ya ce ba a biya shi ba. Damina ta gaba ta cinye kwalbatin hanya. Wasu suka koma kufansu, waɗanda gonarsu ta rage a hannunsu. Sauran suka shigo birni.

A Kurmi na ga Audu, da gammo a ka, an ɗora masa dilar fata. Na bi shi har ya sauke. Ashe ya daɗe a gari, yana kwana a rumfar wani mai shago ta wajen Jakara, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa a huta ba daga gidana.

Na ce, "Audu, kana garin nan ka kwana a rumfa, ina da zaure?"

Ya ce, "Zauren naka akwai bashi a ciki."

"Wane bashi? Na yafe, Binta ta yafe, duniya da lahira."

"Ban roƙe ka yafiya ba. Gero na ara."

"To sayi kwano biyu a nan kasuwa ka kawo, mu rufe maganar."

"Na ce daga gonar."

Na gaya masa abin da littafi ya ce, cewa wanda ya yi rantsuwa ya kasa yana iya yin kaffara, ko da azumi ne, Allah ba ya ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Malam, wannan tsakanina da Allah ke nan. Tsakanina da Amarya fa? Daga bakin 'yarta ta cire ta ba ni." Aka kira shi ɗaukar kaya, ya gyara gammo ya tafi.

Haka muka tsufa. Ba gaba muke ba. Idan an yi mini haihuwa yana zuwa suna, ya tsaya a waje cikin jama'a, a yi addu'a ya tafi. Idan an miƙa masa abinci ya ce ya ƙoshi, ko ruwa ba ya sha a ƙofata. Tsokana kuwa ta mutu, sai Malam sai gaisuwa. Ranar da Binta ta rasu shi ya shiga kabari ya karɓe ta tare da 'ya'yana. Da muka dawo ya zauna a ƙasa a waje har aka watse, bai shiga ba.

Jinginar ba ta fansu ba. Ɗan kasuwar ya mutu, 'ya'yansa suka ce saye ne, shaidu sun ƙare, mu kuma ba mu da ƙarfin shari'a. Ƙauyen kuwa ya zama birni daga baya, amma ba ta hanyar da aka faɗa mana ba. Birnin ne ya kumbura ya fita ta Ƙofar Ruwa ya yi ta tafiya har ya haɗiye shi. Aka yayyanka gonaki fuloti-fuloti. An ja waya a turakun bayan mutanen da aka kafa su dominsu sun watse, wutar takan zo ta gaisa ta koma. Ruwa a jarka ake saye wurin 'yan garuwa. Da ƙarfin dako ya ƙare wa Audu sai na ji ya samu aikin gadi a can, ban tambayi ko gadin me ba.

Bara da kaka, da hantsi, ina zaure sai ga a-daidaita-sahu ta tsaya a bakin layi, don ba ta iya shigowa. Na ga tsoho ya fito a hankali, direba ya taimaka masa ya ɗora wani abu a ka. Yana tafe yana dafa bango. Sai da ya matso na ga Audu ne, kayan kuma dami ne, an ɗaure shi da igiyar rama yadda ake ɗaurewa a da. Ya tsaya a bakin zaure, ya tsallako dokin ƙofa, ya sauke a gabana. Numfashinsa ya daɗe bai daidaita ba.

Ya ce, "Kira mutum biyu."

Na aika aka kira limamin masallacinmu da maƙwabcina. Suka zauna. Audu ya ce, "Ku shaida. Na ari dami ɗaya na gero a gidan nan, shekarar da aka yi fari kafin soja su dawo. Ga shi na mayar. Ba na so a tsaya a kan gawata ana tambayar wa yake bina."

Liman ya dube ni. Na ce, "A ina ka samu?"

Ya ce filin da yake gadi wani Alhaji ne ya saya ya kewaye da katanga ya bar shi. Kufan gidanmu ne, ya gane shi da bakin rijiya da aka cike. Shekaru yana shuka a ciki, tsuntsu yana cinyewa, don duk yankin ba wani gero sai nasa. A daminar ne ya yi ta zama a ciki da gwangwani yana kora tun daga asuba har ya samu ya haɗa dami.

Na zare zangarniya ɗaya na murza. Ido ya cika. Na so in ce ya mayar ya ci da iyalinsa, ya fi ni buƙata, na dubi fuskarsa na fasa. Na ce, "Na karɓa. A madadina da madadin Binta, na karɓa, ba saura."

Liman ya yi addu'a muka shafa. Suka tashi suka bar mu.

Na ce, "Ka ajiye iri na baɗi?"

Ya ce, "An sauke bulo da yashi a filin tun makon jiya. Bayan sallah za su fara tono."

Muka zauna, damin yana tsakaninmu. Can ya jingina da bango ya miƙe ƙafafu, ya dubi cikin gida ya ce, "Malamin da ba ya iya ɗaga buhu, gidan naka ba a ba baƙo ruwa ne?"